Sassaƙa da Cinikin Sallah: Yadda Gida Zai Ci Moriyar Gungume Ɗaya

Wannan shi ne jawabin da editan jaridarku ya yi wa masassaƙa da iyalansu, waɗanda suka zo daga ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Mun buga shi yadda ya faɗa, don wanda bai sami zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Iyayena dattawa, malamai, iyaye mata da ke zaune can baya, da ku samari, barkanku da zuwa. Na san wasunku sun baro gida tun da sanyin safiya. Na kuma san tafiya a wannan zamani ba abin wasa ba ce. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ni ba masassaƙi ba ne. In kuka miƙo mini gizago, ƙafata zan fara sara. Saboda haka ban zo in koya muku sassaƙa ba, kun gaje ta kaka da kakanni. Na zo ne mu yi magana a kan kuɗin da ke cikinta, musamman cinikin Sallah da na lokacin bukukuwa, da dalilin da ya sa kuɗin nan ba ya zama a hannunku.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, wata rana ana saura mako guda Sallah na shiga wata kasuwar ƙauye. Na tarar da wani dattijo ya baje kujeru 'yan tsuguno, an yi musu zanen wuta mai ban sha'awa. Na taya ɗaya, ya sallama. Da na biya sai na ce, "Baba, nawa ka ci riba a kanta?" Ya yi dariya ya ce duk kuɗin riba ne, tun da shi ya sassaƙa da hannunsa. Na ce itacen fa? Ya ce saye ya yi. Na ce wa ya ɗauko shi? Ya ce mai amalanke. Kwana nawa aka yi ana aikin? Ya ce shi da 'ya'yansa biyu sun fi mako. Muka tsuguna muka lissafa a ƙasa da tsinke. Da muka gama sai dattijon nan ya yi shiru. Abin da ya rage musu bai kai ladan ɗan ƙwadago a gona ba. Ni kaina na ji kunyar ragin da na nema.

Itace ya yi wuya

A da, masassaƙi ba ya sa itace cikin lissafi, kuma yana da hujja. Daji na nan bayan gari. Mutum ya saɓa gatari, ya zaɓi ƙiryar da yake so don turmi, ko marke don ƙota da taɓarya, ko ɗanya don akushi, ko aduwa don allo. Yau ba haka abin yake ba, kun fi ni sani.

Da farko dai itatuwan sun ragu. Gona ta ci daji, masu gawayi da masu itacen girki sun ci sauran. Madobiya kuwa, 'yan kasuwa sun yi ta sararta a Nijeriya ana kai wa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. Na biyu, dajin da ya rage ba ya shiguwa. Ba sai na tuna wa mutumin Ƙanƙara daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma yanke layin waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku ɗin nan. An yi haka ne don tsaro, amma kowa ya ga yadda sana'a ta tsaya cik.

Saboda haka ina roƙonku, kada wanda ya sai da ransa saboda gungume. Babu turmin da ya kai kuɗin fansa. Tun da itace ya zama abin saye da tsada, tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya gida zai fitar da kuɗi mai yawa daga itace kaɗan?

Mu duba yadda wasu suka yi

A ƙasar Jamus akwai wani ƙauye a kan duwatsu, kusa da iyakar ƙasar Cek, sunansa Saifen. Asalin mutanensa mahaƙan kuza ne, kamar yadda aka yi a Jos. Da kuza ta ƙare, har aka rufe ofishin ma'adinai na garin a 1849, sai suka koma ga itace. Ba manyan kaya suka kama yi ba. Ƙananan abubuwa suke yi, kayan wasan yara da kayan ƙawata ɗaki na bikin Kirsimeti. Aikin kuma na gida ne. Maigida yana sassaƙa, uwargida da yara suna gogewa suna shafa launi. Suna shekara suna aiki saboda ciniki na 'yan makonni. Da farko su ma 'yan kasuwa ne ke cin wahalarsu, suna saye da arha su kai birane. A 1919 suka kafa ƙungiyar gama kai, wadda ake kira Dregeno, don su riƙa sayar da kayansu tare. Yau mutane daga ƙasashe da yawa suna zuwa ƙauyen nan sayayya.

Ban ce ku kwaikwayi abin da suke sassaƙawa ba. Su suna yin siffofin mutane da dabbobi, bikinsu daban, al'adarsu daban. Mu muna da namu ado, muna da dagi, muna da zayyana, muna da zanen da iyayenmu mata ke yi wa ƙwarya. Abin ɗauka a wurinsu shi ne, sun gane mai sayen kayan biki ba nauyin itace yake biya ba. Kyan aikin yake biya.

Ku duba namu bukukuwan. Da azumi ya kai kwana goma yara sun fara tashe, suna neman 'yan ganguna. Sallah ta matso, uwargida na son sabuwar muciya da maburgi da koshiya. Ana yawan ɗaura aure kafin azumi da bayan Sallah, kuma har gobe ba a kai amarya ba turmi da taɓarya da kujera. Akushi ya bar wurin cin tuwo a gidaje da yawa, roba da silba sun kore shi, amma ya dawo ta wata ƙofa. Mutanen birni suna sayensa don ado da kyauta, har gidajen abinci na zuba tuwo a ciki don burge baƙi. Ga allon zayyana na saukar karatu. Ga abin ɗora Alƙur'ani, wanda ake nema ƙwarai a watan azumi. Ga itacen sirdi, domin duk shekara hakimai da jama'arsu na shirin hawan Sallah a Katsina. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Baƙon da ya zo kallon hawa yana son ɗan abin da zai sa a jaka ya kai tsaraba. Ba zai ɗauki turmi ya hau jirgi ba.

Lissafin gungume ɗaya

Yanzu kowa ya buɗe littafinsa, mu yi lissafi tare. Kuɗin da zan faɗa misali ne kawai. In kun koma gida ku sa farashin garinku.

Mu ce ka sayi gungume N6,000. Mai amalanke ya karɓi N2,000. Ka kashe N8,000 ke nan. Kai da ɗanka kuka yi kwana uku kuka fitar da turmi ɗaya. Dillali ya saya N12,000. A cire N8,000, saura N4,000. A raba kwana uku, kowace rana ta tashi kusan N1,300, kuma ku biyu ne. Ɓaraguzan itacen kuwa sun tafi murhu.

To, mu sake ɗaukar wannan gungumen. A wannan karon ka yanka shi da zarto, ka fitar da kujeru huɗu. Daga gefe-gefen da a da ake ƙonawa, yaronka ya fitar da muciya da koshiya guda goma. Aka goge, aka yi zane, aka shafa mai. Samfefa da gawayi da mai suka ci N3,000. Abin da aka kashe ya zama N11,000. Kujera ɗaya N4,000, huɗu N16,000. Ƙananan kaya goma a kan N500, N5,000 ke nan. Jimla N21,000. A cire N11,000, saura N10,000. Aikin ya ci kwana biyar, watau N2,000 kowace rana.

Kun ga ban ce za ku yi arziki dare ɗaya ba. Bambancin N700 ne a rana. Amma ku lura, itacen ɗaya ne, kuɗin amalanke ɗaya ne. Kuma turmi sai an sami babban itace mai kauri, irin wanda sai cikin daji. Ƙananan kaya kuwa reshe ma ya isa. Ban ce a daina turmi ba, ko da injin niƙa ya rage masa kasuwa. In an ba ka aikinsa da farashi mai kyau, ka yi. Abin da nake so shi ne ka san abin da kowane aiki ke bar maka, ba ka yi ta sara a duhu ba.

Wani zai ce shi yana riƙe lissafinsa a ka. Na yarda, akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa. Amma kai ba ya riƙe kuɗin samfefar da aka saya wata biyu da suka wuce, ba ya riƙe N500 da aka ba yaro ya kai kaya tasha. Littafi na 'yan naira kaɗan ya isa. Shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, da kwanan wata. Kada ka manta ka rubuta kwanakin aikinka, don guminka ba kyauta ba ne.

Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya

Wannan maganar ku riƙe ta da kyau. A 2023 an yi Ƙaramar Sallah ran 21 ga Afrilu. A 2024 ran 10 ga Afrilu. A 2025 ran 30 ga Maris. Kun ga kowace shekara tana jawowa baya da kwana goma ko goma sha ɗaya. Babbar Sallah kuma na biye da ita da wata biyu da kwana goma. Watau Ƙaramar Sallah ta baro bazara, ta doshi hunturu.

Wannan yana da daɗi, yana da wuya. Daɗinsa, Sallah za ta riƙa zuwa kusa da kaka, lokacin da manomi bai gama sayar da masara da waken suya ba, akwai ɗan kuɗi a hannun mutane. Wuyarsa, lokacin da ya kamata ka tanadi itace zai riƙa haɗuwa da lokacin girbi, hannu ba ya da sarari. Ga kuma iskar hunturu, wadda ba ta raga wa ɗanyen itace. Ka sassaƙa kujera da ɗanyen itace ana jibi Sallah, ka sayar, bayan mako biyu ta tsage a ɗakin amarya. Ka ci kuɗin, amma ka rasa wannan gidan da duk danginsu.

Don haka mai son cinikin Ƙaramar Sallah ya tanadi itacensa kafin watan Azumin Tsofaffi, watau Rajab. Ya fitar da siffar kayan tun itacen na da taushi, ya bar su da ɗan kauri, ya jera a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, ba kuma a ƙasa inda gara za ta samu ba. Babban gungume yana daɗewa ƙwarai bai bushe ba, amma abin da aka riga aka rage masa nama yana bushewa cikin makonni. A watan Sha'aban a gyara, a goge. Kwanakin farko na azumi a yi zane. Kafin azumi ya raba tsakiya kaya na kasuwa. Mai kai kaya ranar jajibere shi ke karyar da su da la'asar don ya sami kuɗin mota.

Sai maganar abin da ake shafawa. Abin da za a ci abinci da shi, kamar akushi da koshiya da muciya, kada a sa masa fenti, kada a shafa masa baƙin mai. Man gyaɗa ko man kaɗe ya isa. Haka kayan wasan yara, domin yaro komai baki yake kai wa, kuma wasu fenti akwai dalma a ciki. Mun ga abin da dalma ta yi a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Sana'ar gida, haƙƙin kowa

Yanzu zan taɓo inda ke da ƙaiƙayi, dattawa ku yi mini haƙuri. Muna cewa sana'ar gida ce, amma in kuɗi ya zo aljihu ɗaya yake shiga. Yaro ya yi wata guda yana guga, ladansa rigar Sallah. Uwargida ta ƙona yatsunta wajen zanen wuta, ladanta sannu. Shekara biyu, uku, sai yaron ya ajiye gizago ya tafi Kaduna ko Abuja acaba, a ce yaran zamani ba sa son gado. Ba gadon suka ƙi ba, aikin da ba lada suka ƙi. A yanka wa kowa rabonsa tun kafin a fara, ko kaɗan ne, a rubuta. Kuma aikin yara ya zama bayan an taso makaranta.

Iyaye mata, ku ne kuka san abin da mata ke so. Ku kuka san gidan da za a yi biki wata uku masu zuwa, kun san tsayin kujerar da ke da daɗin tuƙin tuwo. Maigida ya riƙa tambayarku kafin ya sara. Kuma ciniki cikin gidaje ya fi tura yarinya talla kasuwa.

Game da dillali, ba na zaginsa. Yana da jari, ya san hanya, yana ɗaukar kasada. Amma in kai kaɗai ka je masa, kuma ya ga kana neman kuɗin cefane, shi zai yanka farashi. In gida biyar ko goma suka haɗa kaya, suka tsai da farashi ɗaya, suka wakilta mutum ɗaya ya kai Funtuwa ko Malumfashi, ko ma Kasuwar Kurmi ta Kano inda masu sayen kayan gargajiya ke zuwa, kuɗin mota ya ragu, bakinku ya yi nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke cinye riba, kowa ya shaida. Wanda za a wakilta ya tafi da takarda mai sunan kowa da adadin kayansa, ya dawo da ita. Yawancin ƙungiyoyin da na ga sun watse, ba sata ce ta watsa su ba, zargi ne, don ba a rubuta komai ba.

Wanda ya ba ka aiki, musamman allon zayyana ko kayan amarya masu suna a jiki, ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla kuɗin itace. In ya fasa, wa zai sayi kujerar da aka rubuta sunan wata? Bashin Sallah kuwa kun san halinsa, mai karɓa da fara'a yake zuwa, ranar biya sai ka yi ta sallama ba a amsawa. Samari masu babbar waya, ku ɗauki hoton kaya da rana a kan tabarma mai tsabta, ku tura wa 'yan garinku da ke birni ta WhatsApp. Amma kada kaya su bar gida sai an tabbatar kuɗi ya shiga asusu. Saƙon waya kaɗai ba shaida ba ne, akwai na ƙarya. A je wurin mai POS ko a duba asusun. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya mana cewa gidan da ba ya da asusu yana iya wuni da kaya ba ciniki.

Itacen gobe

Na fara da itace, bari in koma kansa. A ƙasar Kenya akwai wani gari, Wamunyu, inda wani mutum mai suna Mutisya Munge ya fara sassaƙar sayarwa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sana'ar ta bunƙasa, dubban mutane suka shiga. Suka yi ta sarar wani itacen daji mai suna muhugu har ya kusa ƙarewa. Da abin ya kai musu wuya, sai aka shawo kan da yawansu suka koma ga itatuwan gona masu saurin girma. Kun san ko waɗanne? Mangwaro, da bedi, wannan dai bedin da ke ƙofar gidajenmu, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro.

Bedi yana sassaƙuwa, gara ba ta cika damunsa ba, kuma in an sare reshe yana sake tohowa. Sai dai yana da ɗaci, don haka ya fi dacewa da kujera da kayan ado, ba abin cin abinci ba. Malaina ma tana da saurin girma da sauƙin aiki, ba ta da nauyi. Tsohon mangwaron da ya daina 'ya'ya shi ma itace ne. Ku gwada su a ƙananan kaya ku gani. Kaɗanya da ɗorawa masu rai kuwa a bar su, abincin gida ne, kuma kuɗin mata ne. Kafin ka sare itace, ko a gonarka yake, ka ga malamin daji na ƙaramar hukuma ka karɓi izni, don kada tara ta cinye ribar shekara. In damina ta sauka, kowane gidan masassaƙa ya nemi dashe ya kafa a iyakar gona, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Zama na gaba, in Allah Ya kai mu, kowane gida ya zo da abu biyu. Na ɗaya, littafin da aka rubuta lissafin aiki guda, daga sayen itace har sayarwa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗansa ko matarsa su rubuta masa. Na biyu, ƙaramin abu ɗaya da aka sassaƙa da bedi ko malaina ko mangwaro, mu jera su a nan, masana cikinku su duba wanda ya tsage da wanda bai tsage ba.

Na ga Baba can ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah Baba, muna saurare.